Bayan An Daina Ci a Akushi Ɗaya

Karatu: Markus 7:1-13, 1 Timoti 5:3-8, Mai-Wa'azi 7:10

 Idan a ƙasar Sara ka tashi, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma furfura ta fara fito maka, idonka ya ga sauyi mai yawa. Ka ga fam da sule sun ba naira da kwabo wuri a 1973. Ranar 27 ga Agusta 1991 ka tashi ɗan Jihar Kano, ka kwana ɗan Jihar Jigawa, ba tare da ka ɗaga ƙafa daga ƙofar gidanku ba. Waɗannan sauye-sauye gwamnati ce ta yi shelarsu a rediyo. Akwai wasu da babu wanda ya yi shelarsu, kuma sun fi shiga jiki. Babu ranar da aka ce daga yau a daina cin tuwo a akushi ɗaya, ko a daina tatsuniya a tsakar gida. An dai wayi gari babu su.

Tambayar da za ka yi tunani a kanta yau ita ce: cikin abubuwan da iyayenmu suke yi, wanne ne rigar zamaninsu da za a iya tuɓewa ba laifi, wanne ne kuma Allah zai tambaye ka a kansa ko da duniya duka ta bar shi?

Gidan da aka taso a ciki

Ka tuna yadda gidan gandu yake. Maigida da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, gona ɗaya suke nomawa. Gero da dawa da wake da gyaɗa su shiga rumbu ɗaya, maigida ne ke buɗe shi ya auna wa mai girki. Kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa bayan an tashi daga aikin gandu, abin da ya samu a can nasa ne. Shi kuma uba nauyin ci da sha, da fartanya, da kuɗin haraji, da auren fari na kowane ɗa, duk a wuyansa suke. Idan aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya, makwabta su zo da garmarsu, a dama musu fura, gobe kai ma ka je tasu.

Da asuba ƙarar taɓarya ce ke tashin mutane. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, ƙananan 'yan mata na kallo suna koyo. Da dare maza su zauna a zaure, mata a tsakar gida, yara su kewaye akushinsu. A bakin akushin nan yaro ke koyon wanke hannu, da cin gabansa, da barin nama har babba ya raba, da rage wa ƙaninsa loma. Bayan an ci, Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe na ƙarshe. Da safe kuma babu mai fita sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba da na Inna ya gaishe su.

A gidajen masu bi an ƙara wani abu a kan wannan. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, kuma a gidaje da yawa guda ɗaya ne tak, a naɗe cikin tsumma. Wanda ya iya karatu ya karanta a hasken fitilar ƙwai, a rera waƙa, Baba ya yi addu'a. A yawancin waɗannan al'adu mu da makwabtanmu Musulmi tafiyarmu ɗaya: su aiko da naman layya, mu aika da shinkafar Kirsimeti, a haɗu a wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa.

Abin da ya kwance ɗaurin

Ba lalacewar zuciya kaɗai ce ta kawo ƙarshen wannan tsari ba, kuma ya kamata ka san haka don kada ka ɗora wa 'ya'yanka laifin da ba nasu ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yaran da ke bin iyayensu gona da safe suka koma aji. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Sara ke cikinta a lokacin. Talaka ya ji daɗi, kuma da gaskiyarsa, amma ɗaya daga cikin igiyoyin da ke ɗaure ɗa ga gandun ubansa ta tsinke. Gonaki kuma sai raguwa suke yi, domin duk rabon gado fili yana ƙara tsagewa alhali bakunan da zai ciyar suna ƙaruwa. Cin rani da ake yi na wata uku ko huɗu a dawo da saukar damina, ya zama zaman shekara da shekaru a Kano, Abuja, Legas da Fatakwal.

Injin niƙa ya huce wa mata wahalar daka. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa. Roba da faranti suka maye gurbin akushi da ƙwarya. Riɗi da zoɓo suka zama amfanin da saurayi zai noma shi kaɗai, ya kai kasuwar Sara ya karɓi kuɗinsa a hannu, bai jira maigida ya buɗe rumbu ba. Sannan daga 2001 wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya. A da sai a nemi malamin makaranta ya rubuta wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a ba direba. Yanzu uwa na jin muryar ɗanta daga Legas tana bakin murhu, kuɗi kuma su iso wurin mai POS kafin tuwo ya nuna.

Kada ka yi wa jiya ƙarya

Mai-Wa'azi 7:10 ya gargaɗe mu kada mu riƙa tambayar me ya sa kwanakin da suka fi na yanzu, domin irin wannan tambaya ba daga hikima take fitowa ba. Zuciyar mutum tana tace jiya, ta riƙe mai daɗi ta zubar da mai ɗaci. A Littafin Ƙidaya sura 11 Isra'ilawa sun zauna a jeji suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, suka manta cewa da bulala a bayansu suka ci su.

To, ka tuna da sauran rabin labarin. Ka tambayi tsofaffin matan ikkilisiyarku 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka binne kafin yaye. Agana ta lalata fuskoki ta kuma kashe mutane har sai da aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu yana kwantar da manomi a tsakiyar damina, sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Farin 1973 ya bar rumbuna wayam. Mace mai doguwar naƙuda a da sai addu'a da jiƙo, yau ana iya ɗaukarta a mota zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu. A wancan gida mai kyau ne aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita ba a tambaye ta ba. A can ne kunya ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, wani ya girma bai taɓa jin kalma mai taushi daga bakin mahaifinsa ba. A can ne wani ɗan riƙo ya zama bawa a gidan ɗan'uwan ubansa, wata gwauruwa kuma aka kwashe mata komai bayan an binne mijinta. Waɗannan ma al'adu ne, kuma mun gode wa Allah da wasunsu suka wuce.

Saboda haka daɗewar al'ada ba ta mayar da ita mai tsarki. Yesu kansa, a farkon karatunmu na yau, bai goyi bayan Farisiyawa ba da suka zargi almajiransa kan al'adar wanke hannu ta dattawa. Ya nuna musu cewa ana iya riƙe al'ada da ƙarfi a saki umarnin Allah.

Abin da akushin yake ɗauke da shi

Amma ga inda maganar take da nauyi. Tsoffin al'adun nan suna yi wa mutum wani aiki da bai san ana yi masa ba. Ɗan gandu bai taɓa zama ya yanke shawarar ciyar da mahaifinsa ba, rumbu ɗaya ne, kowa daga ciki yake ci. Jika bai ware lokacin zama da kakarsa ba, babu wani wurin zuwa bayan faɗuwar rana. Uba bai tsara yadda zai koya wa ɗansa haƙuri da gaskiya ba, kunya ɗaya suke bi a gona tun safe har azahar, yaro yana ganin yadda ubansa ke yi idan fartanya ta karye ko makwabci ya ci masa iyaka. Gwauruwa ba ta roƙi tuwo ba, ana zuba nata tare da na kowa. Al'ada ce ta ɗauki nauyin, mutum yana binta kawai, ko yana da ƙauna a zuciya ko babu.

Yanzu akushin ya tafi, amma abin da yake ɗauke da shi yana nan, domin tushensa daga Allah ne. Girmama uba da uwa yana cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:12. Koya wa yara Maganar Allah a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi, umarni ne a Maimaitawar Shari'a 6:6-7. Kula da marayu da gwauraye Yakubu 1:27 ya sa shi a tsakiyar addini na gaskiya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka ce sai a gidan gandu. Suna kan mai gona, suna kan mai acaba, suna kan ma'aikaciyar jinya a Dutse.

Bambancin shi ne, abin da kakanka ya yi don babu wata hanya, kai sai ka zaɓa kafin ka yi. Babu wanda zai tilasta ka. Kana iya shekara ba ka taka ƙofar gidanku ba, babu dagacin da zai kira ka. Kana iya zama ɗaki ɗaya da 'ya'yanka kowa fuskarsa a kan waya, babu makwabcin da zai ce uffan. Wannan ya sa zamaninmu ya fi wuya, ya kuma sa ya fi tona abin da ke cikin zuciya. A da ba a iya bambance ɗan da ke ƙaunar ubansa da wanda ke jiran gado, duk a gona ɗaya suke. Yau ana ganewa.

Korban na zamaninmu

Ka sake duba Markus 7:9-13. Malaman Yahudawa sun buɗe wa mutum wata ƙofa: idan ya furta cewa abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya zama Korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, shi ke nan ya fita daga nauyinsu. Ubangiji bai yaba wa wannan ibada ba. Ya ce da ita suke rushe Maganar Allah.

Mu masu bi da muke ƙaunar sujada, wannan magana tamu ce. Muna ba da zakka da baiko, muna azumi, muna kwana a majami'a muna addu'a, kuma duk waɗannan suna da kyau. Amma ka tambayi kanka: akwai tsohuwa a ƙauye da rufin ɗakinta ke yoyo tun daminar bara, alhali sunanka na cikin waɗanda suka yi alkawari mafi girma a taron godiya? Akwai yara a gidanka da suka fi sanin muryarka a lasifika fiye da a tsakar gida? 'Yar'uwa, kina zumuntar mata ranar Talata, gwajin waƙa ranar Alhamis, kwanan addu'a ranar Juma'a, yaushe rabon da ki zauna da surukarki ki ji abin da ke damunta? Manzo Bulus bai sassauta ba a 1 Timoti 5:8. Ya ɗauki wanda ya ƙi kula da danginsa, musamman mutanen gidansa, a matsayin wanda ya yi musun bangaskiya. A aya ta 4 kuma ya ce 'ya'ya da jikoki su fara koyon ibada a gida, ta wurin rama wa iyayensu alherin da suka yi musu.

Akwai wata ƙofa kuma da wasu ke bi. Idan abu ya ƙi ci gaba a rayuwarsu, sai su fara zargin tsofaffin gida da maita, su daina zuwa, su daina cin abincin gida, su ce suna tsare kansu ne a ruhaniya. Ka yi hankali ƙwarai da wannan. Ikon Yesu ya fi kowane iko, kuma wanda ke cikinsa ba ya bukatar gudun mahaifiyarsa don ya tsira. Tsufa da talauci da yawan mita ba shaidar maita ba ne. Mutane da yawa sun mutu cikin kaɗaici da wannan tabo a kansu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Akwai kuma Korban na kuɗi. Mutum ya tura dubu goma ƙarshen wata, ya ji ya sauke nauyi. Kuɗin yana da amfani, kada ka daina. Sai dai Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Mai POS yana iya miƙa wa Baba kuɗi, ba zai iya lura cewa idonsa ya fara hazo ba, ko cewa ya daina cinye tuwonsa. A waya kullum amsarsa ɗaya ce: lafiya lau, sai godiya. Tsoho ba ya kai ƙarar jikinsa ga ɗansa, sai wanda ya zauna kusa ne ke gani.

Idan hali bai ba ka ba fa?

Wataƙila kana cewa a ranka: ni ba ƙi na yi ba, rashin hali ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, albashi bai kai ƙarshen wata, ɗaki ɗaya nake haya da mata da yara huɗu, ina zan sa Inna? Wannan magana gaskiya ce, kuma Allah ba azzalumi ba ne da zai nemi abin da bai ba ka ba. Wani kuma rauni ne a zuciyarsa. Akwai waɗanda gidansu ya kore su ranar da suka karɓi Almasihu, akwai waɗanda suka sha wuya a hannun waɗanda ya kamata su kāre su. Girmama iyaye bai ce ka koma inda za a cuce ka ba, bai kuma ce ka bi su cikin abin da ya saɓa wa Allah ba.

Amma ka dubi Ubangijinmu. A Yohanna 19:26-27 yana kan gicciye, hannuwansa a kafe, ba shi da gona ba shi da rumbu, tufafinsa ma sojoji sun raba. A wannan hali ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta ga almajirin da yake ƙauna, almajirin kuma ya kai ta gidansa. Abin da ba zai yi da hannunsa ba ya shirya wanda zai yi. Rut ma ba ta da komai sai ƙafafunta da kalar sha'ir a gonar wani, da wannan ta riƙe surukarta Na'omi. Ba a auna ka da abin da kakanka ya iya yi a gandu. Ana auna ka da abin da ke hannunka yau, da ko ka yi tunanin mutanenka ko ka shafe su daga lissafi.

Ka sassaƙa sabon akushi

Tun da tsohuwar al'ada ba za ta dawo ba, aikin da ke gabanka shi ne ka kafa wadda za ta ɗauki nauyin a gidanka. Timoti ya sami bangaskiya daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ya nuna. A gida ta bi ta iso gare shi. Ga wasu abubuwa da za ka iya farawa a wannan mako.

Ka sa a ci abinci tare ko da sau ɗaya ne a rana, wayoyi a ajiye a gefe. Ko a faranti daban-daban ne, a zauna wuri ɗaya, a yi godiya, ka tambayi kowane yaro yadda ya yini. Ka tayar da bagaden iyali, minti goma sha biyar sun isa: aya kaɗan, waƙa ɗaya, addu'a, yara su riƙa karɓar karatu bi da bi.

Idan iyayenka na nesa, ka tsayar da ranar kira, kada ka jira sai an yi maka filashin. Ka miƙa wa jikoki wayar su gaida Kaka da harshen gida, kada su tashi ba su iya gaisuwa ba. Ku 'yan'uwa ku zauna ku raba nauyi a fili: wa zai ɗauki magani, wa zai ɗauki hatsi, wa zai je a wane wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kada a bar wa ƙanwar da ta rage a gida komai don ita ce kusa. Idan ka sami zuwa, ka zauna. Ka tambayi Baba sunayen kakanninku da yadda bishara ta shigo gidanku, ka ɗauki muryarsa a wayar nan taka tun yana da rai.

Kai kuma dattijo, Baba, Mama, akwai naku. Ku rage cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya, domin yawan faɗin haka yana korar su. Ku faɗa wa 'ya'yanku abin da ke damunku a sarari. Ku sa musu albarka da baki su ji da kunnensu, ko da ku ba a taɓa yi muku haka ba. A cikin ikkilisiya kuma a duba tsofaffin da ba su da kowa. Gayyar da aka daina yi a gona ana iya yinta a kan rufin ɗakin gwauruwa kafin ruwan fari ya sauka.

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode maka domin iyaye da kakannin da ka bi ta wurinsu ka kawo ni duniya. Na gode domin wahalolin da ka ɗauke mana a wannan zamani. Ka ba ni hikima in rarrabe al'adar mutane da umarninka. Ruhu Mai Tsarki, ka tuna mini da wanda na manta a cikin dangina, ka ba ni ƙarfin zuciya in neme shi. Ka warkar da raunukan da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya a gidajenmu na Sara, da Gwaram, da Birnin Kudu, da duk inda neman abinci ya kai 'ya'yanmu. Bari gidana ya zama wurin da ake kiran sunanka safe da yamma. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.

Abin yi yau: Ka rubuta sunan tsoho ɗaya a danginku da ka daɗe ba ka ji muryarsa ba. Ka kira shi kafin rana ta faɗi, ka kuma faɗa masa ranar da za ka zo.